Tafin Hannu a Ƙofar Zauren Kwarin Gamji

Ku gyara zama, ga wata nan da za ta hana ku tashi da wuri. Ba ta gizo ba ce, ta masu takalmi da waya ce.

A garin Kwarin Gamji akwai wani tsohon zaure na ƙasa, inda ake ɗaurin aure, ake sasanta masu gona da masu shanu tun kaka da kakanni. Wata shekara bangonsa na gabas ya tsage, har mutum na iya zura hannu, ga damina saura kwana arba'in. Samari suka ce a rushe a yi na siminti. Dattawa suka ce sai dai bayan ransu. Mutum ɗaya ne ya san yadda ake ceto irin wannan gini, Baba Tanimu Sarkin Magina.

Ana cikin haka jikansa Lurwanu ya dawo gida, bayan shekara takwas yana yawon karatu a ƙasashen mutane. Wani shiri ne na horar da matasan ƙasashe kan shugabanci ya turo su su uku: shi, da Kadiyatu 'yar Mali, da Kwabena, ɗalibin injiniya daga Gana. Aikin da aka ɗora musu shi ne su haɗa tsofaffi da samari a kan aiki guda.

Lurwanu mutum ne mai ɗoki, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Kwana biyu da sauka ya kira taro yadda aka koya musu. Aka jera kujerun roba a zagaye don kada wani ya fi wani, kowa zai yi magana minti uku, ga ƙararrawa a hannun Lurwanu. Baba Tanimu ya zo ya zauna da ƙyar, ya fara gaisuwa. Ya gai da Liman, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya juya kan Sarkin Noma. Bai kai kan baƙi ba minti uku suka cika. Lurwanu ya kaɗa ƙararrawa.

Tsohon ya dube shi ya ce, "Lurwanu, abin da ka koyo ke nan?"

Ya ɗauki sandarsa ya fita, dattawa suka mara masa baya. Kafin la'asar gari ya ji cewa Sarkin Magina ya ce hannunsa da laka sun rabu. Lurwanu ya rasa inda zai sa kansa don kunya, kullum sai ya je ya leƙa tsagar nan, ya ga ta ƙara buɗewa.

To, Kadiyatu ba ta je ban haƙuri ba. Ta ce a garinsu ba a kiran tsoho, zuwa ake yi a zauna kusa da shi. Ta shiga gidan Baba Tanimu wajen matarsa Iya Ladi, tana tsinke zogale, tana koyon Hausa, Iya na yi mata dariya. Kwana bakwai ba ta ambaci zaure ba. Rana ta takwas ta kwaɓa laka ta fara yaɓe bangon ɗakin girki irin na garinsu, daidai inda tsohon ke hangowa daga tabarmarsa. Ya kau da kai. Ya sake dubawa. Can ya kasa daurewa, ya taso yana faɗa wai wa ya ce mata haka ake sa ciyawa a laka. Ta ce kakanta. Ya ce kakan nata bai iya ba. Suka kwashe yini suna gardama, shi da hannu dumu-dumu cikin laka, Iya Ladi na cewa, "Malam, ashe kun shirya da lakar?" Washegari shi da kansa ya ce a kai shi ya ga tsagar. Ba don Kadiyatu ba, da bai fito ba.

Kwabena kuwa Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba, amma idonsa na aiki. Ya zagaya zauren da igiyar awo, ya gano cewa kwatar sabon titi ce ke turo ruwa ƙarƙashin bangon. Ko an gyara, baɗi zai sake tsagewa. Bai buɗe baki ya koya wa tsoho aikinsa ba. Sai ya jiƙa bular wanki a bokiti, ya zuba a kwatar, ya kama hannun Baba Tanimu ya kai shi gindin bango suka tsuguna. Jim kaɗan ƙasa ta fara yin shuɗi. Tsohon ya kwashe da dariya ya ce wannan ɗan Gana ya ga abin da shekara saba'in ba ta nuna masa ba. Aka juya kwatar. Ba don Kwabena ba, da aikin banza aka yi.

Saura hannaye. Aikin na mutum sittin ne, samari kuma sun ce su ba za su taka laka ba, abin ƙauyanci ne. Ranar kasuwa, a gaban kowa, Lurwanu ya cire takalminsa mai tsada, ya durƙusa gaban kakansa ya ce, "Baba, na yi kuskure. A yafe mini." Tsohon ya ce, "Tashi, ja'iri, laka na jira." Lurwanu ya naɗe wando ya faɗa ramin kwaɓi. Abokan ƙuruciyarsa suka taru suna yi masa tsiya, wai ga Bature ya faɗa taɓo. Ya jawo na kusa da shi ciki, wannan ya jawo wani. Aka kira mai ganga, abin ya zama gayya. Tsofaffi na nuni da sanda, samari na miƙa tubali, mata na kawo kunu. Ba don Lurwanu ba, da ruwa ya riga su.

Kwana uku da gamawa aka yi ruwan farko kamar da bakin ƙwarya. Gari ya taru a cikin zauren, ko ɗigo bai zubo ba.

To, al'adar maginan garin ita ce, in an gama babban aiki, akan bar ɗanyar laka kaɗan a saman ƙofa, wanda ginin ya tsaya saboda shi ya danna tafin hannunsa. Hannu ɗaya ake sawa. Aka ce Sarkin Magina ya sa nasa, ya ce a'a, shi da ya yi fushi ya tafi gida ba shi da rabo, a nemi mai shi cikin yaran nan uku. Lurwanu ya nuna Kadiyatu, Kadiyatu ta nuna Kwabena, Kwabena ya ɓoye hannayensa a aljihu yana dariya. Ga laka tana shan iska, in ta bushe shi ke nan.

To, jama'a, ku da kuka ji: wadda ta fito da tsoho, da wanda ya gano ruwa, da wanda ya tara hannaye, hannun wa ya kamata a danna?