Shukar da Aka Kulle a Falon Baƙi

An yi wani maigida mai son a yabe shi. Yana da falo a gidansa wanda ba mai shiga sai baƙo. Kujerun ciki har yanzu da ledarsu, labulayen kuma masu kauri ne, ba a ɗaga su ko da wasa, wai kada rana ta cinye launin kujeru. Mabuɗin kullum yana aljihunsa.

Matarsa kuwa tana da wata shuka a tukunyar ƙasa, irin wadda ba ta fure, ganyenta ne adonta. Ja da rawaya da kore duk a ganye ɗaya, kamar an yayyafa fenti. Reshe ne ta yanko a gidan mahaifiyarta shekarar da tsohuwar ta rasu, ba ta kuwa da wani abu na tsohuwar sai shi. Ta ajiye tukunyar a bakin tagar ɗakinta, inda hasken safe yake shigowa. Ba ta zuba ruwa sai ta taɓa ƙasar da yatsa ta ji ta bushe. Shukar ta yi kyau har maƙwabta suna leƙowa.

Wata rana maigidan ya ji wata maƙwabciya tana yabon shukar. Shi ke nan, idonsa ya buɗe. Ya sungumi tukunyar, ya kai falo, ya ɗora a teburin tsakiya.

Matar ta biyo shi ta ce, "Baban Tabita, don Allah ka bar mini ita. Ba ta son duhu. In ma nan kake so ta zauna, ka ɗaga labule ko ɗaya ne."

Ya ce, "In ɗaga labule kujeruna su koɗe saboda ganye? Abu mai kyau, gaban baƙi ne wurinsa." Ya ja ƙofa, ya murɗa mabuɗi.

Kada ku ce bai kula da shukar ba. Ya kula, irin kulawar nan da take ƙona mini rai. Duk ranar da zai yi baƙi, sai ya shiga da tsumma da man gyaɗa, ya goge ganyen ɗaya bayan ɗaya har suna ƙyalli. Ya kwara mata ruwa bokiti guda, wai ta sha har na kwanakin da ya manta da ita. Baƙi su zo su ce, "Kai, maigida, ka iya gyaran gida!" Shi kuma ya gyara zama yana murmushi. Suna fita, ƙofa garam.

Sai sababbin ganyen suka fara fitowa kore zalla, jan da rawayan suka gudu. Ƙura ta manne a kan man. Ruwa ya kwanta a gindin tukunyar yana wari. Matar ta roƙe shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ta ce, "Ko reshe ɗaya ka ba ni in dasa." Ya ce so take ta ɓata masa adon falo.

Ana nan, dattawan ikilisiya suka aiko za su zo gaisuwa. Ya shiga da tsummansa. Yana taɓa ganye sai ya faɗi. Ya taɓa wani, shi ma ya faɗi. Kafin ya ankara, sanda ce tsirara a tsaye cikin tukunya.

Ya ƙwala kira, "Maman Tabita! Zo ki ga abin da shukarki ta yi mini, yau da nake da manyan baƙi!"

Ku ji fa, wai ita ta yi masa! Matar ta shigo, ta kama sandar ta ɗan ja, sai ta fito ba gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe. Ta tsaya riƙe da ita, hawaye yana zuba, ta ce, "Ta Inna ce fa."

Bai ko dube ta ba. Ya ruga kasuwa, ya sayo ta roba, mai ja da rawaya, ya ɗora a teburin. Dattawa suka zo suka yaba. Ya ce musu, "Ai wannan ba ta da fitina."

To, ga abin da misalin yake nufi, raina kuwa a ɓace nake faɗa. Shukar nan ita ce yaron da Allah ya danƙa a hannunka. Ba kai ka zana masa launinsa ba, riƙo aka ba ka. Hasken da yake bukata ba wani abu mai wuya ba ne: ka zauna da shi, ka saurare shi, ka koya masa hanyar Ubangiji da fuska a sake. Amma kai sunanka kake tattali, kamar yadda mutumin nan yake tattalin kujeru.

Ina ganinku ranar Lahadi. An shafe yaro da mai, an sa masa sabon ɗinki, an cusa masa aya ya karanta a gaban jama'a don a ce ɗan wane ne. Daga Litinin zuwa Asabar kuwa ba ka san abin da yake sa shi kuka ba. Ran da ka tuna da shi, sai ka kwara masa faɗan wata uku a zama ɗaya, ka ce tarbiyya ce. Uwarsa ta yi magana, ka ce ta yi maka shiru. In ya lalace kuma, ka buɗe baki ka ce, "Dubi abin da ɗanki ya yi mini." Ba ka jin kunya?

Abin da ya fi ba ni tsoro, waɗansunku na roba kuke so. Yaron da ba ya tambaya, ba ya damun kowa, sai "To, Baba" kawai. Kun samu kuwa. Yaran suna nan zaune tsaf a benci, tsabta kamar me, zuciyarsu ta daɗe da barin gidan.

Ranar da Mai shukar zai zo neman abinsa, ba zai tambaye ka abin da baƙi suka ce ba. Hannu zai sa, ya duba saiwar.