Dalilin da Ya Sa Kare Ke Karkata Kai In Ana Masa Magana

Dalilin da ya sa kare yake karkata kai gefe guda in kana masa magana, kamar mai so a maimaita masa, ya faro ne daga wani tsoho mai suna Ranau. Ku matso kusa, yara, yau muryata ba ta kaiwa nesa.

A zamanin da, kare bai san sauraro ba. Wuyansa a miƙe yake kamar taɓarya, in ba tsawa aka daka masa ba, ko waiwaye ba ya yi.

Shi Ranau manomi ne, gonarsa tana gindin wani dutse mai cike da birai. Shekaru sun ja, gwiwoyi sun fara ƙi, 'ya'yansa mata duk sun yi aure nesa, daga shi sai matarsa Gwamma. Ana nan sai tsohon karen da ke masa gadin masara ya mutu da bazara. Ranau ya san in ba kare, birai za su girbe masa gona tun kafin ya wasa lauje.

Sai ya dogara sanda ya je wurin maƙwabcinsa Jatau maharbi.

Jatau ya ce, "Baba Ranau, kwikwiyo ɗaya ya rage mini, kuma ba abin da ya rage shi sai don kowa ya ƙi shi. Na fita da shi daji, tun ban ɗana kibiya ba ya kore mini nama."

Ranau ya ce, "Ba ni shi haka. Ni ma ai ba wani zaɓi ya rage mini ba."

Kwikwiyon ja ne, mai dogayen ƙafafu. Ranar da ya shiga gidan ya tarwatsa kaji, ya yaga tabarma, ya faɗa ƙwaryar gari ya fito fari fat. Gwamma ta riƙe haɓa ta ce, "Maigida, wannan kare ka kawo mana ko guguwa?" Sunan da ya bi shi ke nan.

Kullum da hantsi Ranau yakan ɗaura masa igiya, ya cika aljihu da ƙanzo, su nufi gona. In ya ce "Zauna!" sai Guguwa ya daka tsalle ya wafce ƙanzon. In ya ce "Tsaya!" sai ya fizgi igiya ya ja tsohon cikin kunyoyin gona. Da yamma Ranau ya dawo tafin hannu duk ya saɓule, ya zube bakin ɗaki ko takalmi bai iya cirewa.

Gwamma ta ce, "Ka ba shi kashi mana, ya shiga taitayinsa."

Ya ce, "In na doke shi, sanda zai sani, ba ni ba. Ranar da na kasa ɗaga sandar fa?"

Bai doke shi ba, amma tsawa kam ya yi ta. Tun daga shuka har masara ta fitar da gemu, mutanen ƙauye ba abin da suke ji daga gindin dutse sai "Guguwa! Guguwa!"

Su kuwa birai suna da dabara. Sukan turo ƙananansu bakin gona su yi ta tsalle-tsalle, in kare ya bi su kan dutse, sai manyan su zagayo ta baya su yi ɓarna. Ran nan hadari ya haɗu, suka yi wa Guguwa haka. Ya tsinke igiya ya bi su. Ruwa ya kece, Ranau na tsaye cikinsa yana kallon manyan birai suna karya masa masara, yana ƙwala kira har wani abu ya tsage a maƙogwaronsa.

Ya kwanta zazzaɓi. Gwamma ta yi ta dafa masa citta da zuma. Zazzaɓi ya tafi, amma murya ba ta dawo ba, sai ɗan raɗa kamar iska cikin ganyen kara.

Gwamma ta ce, "Maigida, a mayar wa Jatau abinsa. Da muryarka ma bai ji ba, balle yanzu."

Ranau ya gyaɗa kai, ya raɗa, "Gobe."

Da gaske yake, don ya gaji har cikin ƙashi. Ya ja jiki zuwa gona, ya zauna ƙarƙashin rumfa, ya kwance wa karen igiya ya bar shi. Guguwa ya zabura, ya kewaye gona, ya kori ƙadangare, ya tono ramin ɓera. Can sai ya tsaya cak. Wani abu ya ɓace masa: ba a kira shi ba. Ya sake gudu, shiru. Sai ya dawo a hankali ya tsaya gaban tsohon yana haki.

Ranau ya dube shi, ya motsa leɓe. "Ka gajiyar da ni, Guguwa. Zauna mana."

Karen ya ga baki na motsi, amma bai ji komai ba. Ya matso. Bai ji ba. Sai ya karkata kai, ya kawo kunne ɗaya dab da bakin tsohon.

Ranau ya sake cewa, "Zauna."

Guguwa ya zauna.

Ranau ba shi da ƙarfin murna. Ya laluba aljihu ya ba shi ƙanzo, ya ɗora hannu a kansa, suka daɗe a haka. Da ya koma gida Gwamma ta tambaye shi zancen Jatau, ya ce, "Gobe." Washegari ma haka ya ce.

Kada ku zaci daga nan komai ya gyaru. Wata rana Guguwa ya ji magana, wata rana fara ɗaya ta tashi ya manta da duk abin da aka koya masa. Sai Ranau ya yi shiru ya jira, don ba shi da abin yi sai jiran. Kuma duk inda karen ya je, shirun nan kan jawo shi ya dawo, ya karkata kai ya ji ko an ce wani abu.

Da masara ta nuna, birai suka sauko gaba ɗayansu. Ƙananan suka fito bakin gona suna tsalle kamar yadda suka saba. Gashin bayan Guguwa ya miƙe. Ba igiya a wuyansa. Ranau ya ga abincin shekara ya rataya a kan ɗan raɗan da ya rage masa.

Ya ce, "Tsaya."

Karen ya riga ya ɗaga ƙafa. Sai ya juyo, ya karkata kai.

"Tsaya, ɗana."

Ya tsaya, yana kuka ƙasa-ƙasa, yawu na zuba. Ƙananan birai suka yi tsalle har suka gaji. Manyan da suka ji shiru suka ɗauka kare ya mutu, suka shigo ta baya, babbansu a gaba. Sai da suka kai tsakiyar gona Ranau ya nuna da yatsa.

"Je ka."

Duk gudun da Guguwa ya yi ta ɓarnatarwa tun yana kwikwiyo, ranar ya yi amfani. Ya cim ma babban birin, ya kama shi a cinya, suka yi ta birgima cikin kara. Birin ya kuɓuce da ƙyar yana ɗingishi, sauran suka watse kan dutse, ba su ƙara saukowa ba har aka yi girbi. Rumbu bai cika ba, amma abin da ya shiga ya kai su wata damina. Ranar da aka rufe rumbun, Gwamma da hannunta ta ɗebi tuwo mai zafi, ba ƙanzo ba, ta ajiye wa Guguwa.

Ranau ya ƙara 'yan shekaru, muryarsa kullum tana ƙara sirancewa, kan Guguwa kuma yana ƙara karkata, har abin ya zauna masa a wuya. Bayan tsohon ya rasu, duk wanda ya yi wa karen magana sai ya karkata kai ya ƙura masa ido, ko zai ji irin raɗan da ya sani. 'Ya'yansa suka taso suka ga ubansu na yi, suka ɗauka, jikoki ma haka.

Shi ya sa har yau, in ka daka wa kare tsawa sai ya yi haushi ko ya gudu, amma in ka sassauta murya sai ya tsaya, ya karkata kai, ya ba ka kunne ɗaya. Muryar Ranau yake nema a cikin taka.