Zabirar Goggo Tabawa

Na san Rafin Ɗinya tun ana hango yashin ƙasansa ta cikin ruwa. A bakinsa Goggo Tabawa take ɗiban ganyen sabara, shekara arba'in tana jiƙa wa masu ciwon ciki. Ba ta taɓa tsinkar ganye ba sai ta zuba gero cikin tafi a gindin itacen. Daga baya masu wankin zinare suka sauka a saman rafin. Ruwa ya koma ja, amma sabara ba ta daina kore ba, don haka Goggo ba ta zarge ta ba.

Da ciwon ciki ya kama ta ita kanta, sai ta jiƙa abin da ta saba. Kullum tana sha, kullum tana ramewa. 'Ya'yanta uku ne.

Asabe, babbarsu, ita ta lura awakin da ke kiwo a bakin rafi suna mutuwa, na tudu kuwa lafiya lau. Ta ɗauki tukunyar jiƙon ta kifar a gaban uwar.

"Ke Asabe, ni za ki koya wa magani?" in ji Goggo. Wata biyu ba ta amsa gaisuwarta ba.

Jatau, na tsakiyarsu, ya ɗaure uwar da zane a bayansa, ya kai ta asibitin birni a kan babur. Can aka gano gubar dalma a jininta, aka ba da ƙwayoyin fitar da ita. Shi ya zauna jinya har ciyawa ta cinye gonarsa. Amma Goggo ta dantse baki, ta ce ba za ta haɗiyi abin da ba ta san gindinsa ba.

Dogara, autansu, ya tuna wani dutse mai nisa inda kakarsu take ɗiban magani a da. Kwana uku ya yi a ƙafa. Ya zuba gero, ya tsinko sabarar da ruwan rafin bai taɓa ba. Goggo ta shinshina, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Wannan ta Inna ce." Da jiƙonta ta riƙa haɗiyar ƙwayoyin, har ta tashi.

Yau tsufa ya cim mata, ƙarfinta ya ƙare, rafin kuma bai warke ba. Zabirar maganinta ɗaya ce, kuma a gidansu ba a raba ta: mutum ɗaya ake miƙa wa, da duk abin da aka sani. To jama'a, wa Goggo Tabawa za ta kira ta danƙa wa zabirar nan: Asabe, Jatau, ko Dogara?