Mutumin da Ya Kira Ganye Cima-zaune

Akwai wani manomi da matarsa ta dasa gwaba a tsakar gida. Ita ke ba ta ruwa, ita ke share ganyen da ya zuba. Da matar ta rasu, gwabar ce kaɗai abin hannunta da ya rage da rai. 'Yarsu Ƙauna, wadda ke aure a wani gari, ta aiko cewa za ta kawo ɗanta ya ci gwabar kakarsa.

Mutumin ya so itacen ya yi 'ya'ya fiye da kowace shekara. Da ya duba, sai ya ga ganye ya fi fure yawa. Ya ce a ransa, "Saiwa tana wahala a ƙasa, wannan yana shanye ruwan, bai iya komai ba sai kaɗawa." Sai ya tsige ganyen, reshe bayan reshe, ya zuba wa awaki.

Ba a daɗe ba furen ya kakkaɓe, ƙananan 'ya'yan suka yanƙwane suka zube.

Ana nan sai yayar matarsa ta zo gaishe shi. Ta tsaya a ƙofa, ta riƙe baki.

"Baban Ƙauna, fari ne suka sauka a gidan nan?"

"Ni ne, Yaya. Ganyen cima-zaune ne, na rage mata nauyi."

Ta tsinci ganye ɗaya da awaki suka bari. "Dubi jijiyar nan ta tsakiya da ƙananan da suka rabu da ita. Ta nan ruwan saiwa ke hawowa. Faɗin nan kuwa don ya tari rana ne. A bayansa akwai ƙofofin da ido ba ya gani, ta nan yake shan iska. Koren nan shi ke haɗa su ya dafa wa itace abinci. Ka rushe madafa, kana jiran tuwo."

Sa'an nan ta ce, "Cima-zaune. Na taɓa jin kalmar nan a bakinka, ranar da ka dawo daga gona ka tarar da ƙanwata ta miƙe ƙafa a gindin itacen nan."

Mutumin ya dubi randa, ba ruwa. Ya dubi murhu, ba wuta. Tun da aka binne ta haka suke, shi kuwa bai taɓa tambayar kansa wa ke kula da su a dā ba. Ya sunkuyar da kai.

Da Ƙauna ta iso, yaron ya ruga gindin itacen, ya ɗaga kai. "Kaka, ina gwabar?"

Mutumin bai iya duban 'yarsa ba. Ya ce, "Bana babu. Ni na hana ta."

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Itacen shi ne gida, shi ne kuma ikkilisiya. Ganye su ne waɗanda Allah ya ba aikin da ba a jin ƙararsa: mai ɗebo ruwa, mai share majami'a, tsohuwar da ba ta da sauran ƙarfi sai na yi mana addu'a. Muna yabon 'ya'ya, muna raina mai dafa musu abinci. Allah mai jinƙai ne, gwaba takan sake toho in an ba ta ruwa. Amma mu da muka dawo daga makabarta mun sani, mutum ba ya toho a tsakar gida. In akwai wanda ka raina yana nan da rai, yau in an tashi sujada, ka je ka ce masa, "Sannu da aiki."