Tattabarar da Take Dawowa a Ƙoshe

Akwai wani mutum mai kiwon tattabaru a bayan gidansa. A cikinsu akwai wata 'yar fara wadda shaho ya ɗauke uwarta tun ba ta yi gashi ba. Shi ya rene ta da hannunsa, yana jiƙa gero yana sa mata a baki. Da ta girma, in ya fito da yamma ya yi fito, ita ce ta fari da za ta sauko ta zauna a kafaɗarsa. Yana ƙaunarta ƙwarai.

Ana nan, sai 'yar farar ta soma dawowa daga yawo a ƙoshe. Ya watsa dawa, 'yan'uwanta su yi ta wawaso, ita kuwa ta koma kan katanga tana gyaran fiffike.

Matarsa ta ce, “Maigida, wa ke ciyar da tattabarar nan?”

Ya ce, “Ko wane ne, Allah ya saka masa. Ya rage mini hatsi.”

Mutumin nan ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da in abu ya zo kyauta, bakinsu ya fi saurin godiya bisa ga tambaya.

Wata rana ta dawo da ɗan zobe ja a ƙafa. Matar ta sake magana, ta ce, “Wanda ya sa mata wannan, ai sai da ya riƙe ta a hannu.” Shi kuwa dariya ya yi, ya ce adon ya yi mata kyau.

Ba a daɗe ba, ya yi fito wata yamma, duka suka sauko, ban da ita. Kashegari ya bi hanyar da takan bi har bayan gari. A gindin wata tsamiya ya tarar da riɗi a warwatse, da guntun igiyar tarko. Masu noma a wurin suka ce wani baƙo ne yakan zauna nan yana watsa wa tsuntsaye riɗi, jiya kuwa ya ɗaure kejinsa ya tafi. Ba wanda ya san sunansa, balle garinsu.

Mutumin ya zaga kasuwanni yana leƙa kejin masu sayar da tsuntsaye, bai gan ta ba. Tun daga ran nan, kowace yamma yakan watsa dawa ya yi fito, sauran su ci su shige, shi kuwa ya tsaya yana duban sama har idonsa ya gaji. Kewarta ta hana shi jin daɗin waɗanda suka rage.

Ma'anar wannan misali ita ce: tattabarar nan 'ya'yanmu ne. Allah ya ba mu amanarsu, mun gina katanga, muna kulle ƙofa, amma wayar da ke hannunsu tana kai su inda katanga ba ta kaiwa. Baƙon nan shi ne wanda ba mu sani ba, mai turo wa yaro katin waya, da kyauta, da daɗin baki, yana cewa, “Kada ka gaya wa kowa.” Ba ya fara da tarko. Da alheri yake farawa, har yaron ya saba da hannunsa.

Iyaye, in 'yarki ta daina roƙonki kuɗin data amma kullum tana kan waya, kada ki ce kin huta. In ɗanka ya shigo da abin da ba kai ka saya ba, kada ka tsaya yaba kyansa. Ku zauna da su, ba da faɗa ba, ku ce, “Wa ya ba ka? Me ya ce ka yi masa?” Ku kuma yara, duk kyautar da aka ce ku ɓoye wa iyayenku, ku kai musu ita da kanku.

Akwai iyayen da yau za su ba da duk abin da suka mallaka don su sami yin wannan tambaya sau ɗaya, amma ba wanda za su yi wa. Naku suna zaune kusa da ku yanzu. Ku tambaye su yau.