Ɗakin Kwamfutar Malam Tsaf

Akwai wani hedimasta na wata makarantar sakandare da ɗalibai ke kira Malam Tsaf, a bayan idonsa dai. Mutumin kirki ne, ko guntun alli bai taɓa kaiwa gida ba. Matsalarsa ɗaya ce: in abu sabo ne, gara ya tsufa a ajiye da a yi amfani da shi. Babur ɗinsa har ya fara tari saboda tsufa, amma ledar kan kujerar tana nan daram.

Wata shekara wani kamfanin fasaha ya zaɓi makarantarsa cikin waɗanda zai tallafa wa. Suka gyara aji guda, suka sa sola, suka jera kwamfutoci sababbi fil. Suka kuma horar da malamar kimiyya don ta koyar da yara.

Ranar miƙa ɗakin, jami'ar kamfanin ta yi bayani a gaban kowa. Ta ce a ƙarshen shekara za su dawo su gwada 'yan ajin ƙarshe. Duk wanda hannunsa ya faɗa, za su ɗauke shi horo kyauta a cibiyarsu, daga nan a sama masa wurin koyon aiki.

A cikin 'yan ajin ƙarshen akwai 'yarsa ta cikinsa, Auta, wadda ita ke zuwa ta ɗaya a ajin. Tun ranar ba ta da zance sai na wannan horo.

Baƙi na tafiya, Malam Tsaf ya kira tela ya ɗinka wa kowace kwamfuta riga. Ya sayo ƙaton kwaɗo ya datse ƙofar, makullin ya koma aljihunsa.

Malamar kimiyya ta same shi a ofis ta ce, "Ranka ya daɗe, yaushe yara za su fara shiga?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Waɗannan yaran da suka karya benci na ƙarfe? Malama, amana aka ba ni. So kike mutanen nan su dawo su ce ba mu san darajar kaya ba?"

"Ai don a yi amfani da su aka kawo, ranka ya daɗe."

"Lokacin da na fara aikin nan ko tafiya ba ki fara ba. Ki koya musu a allo tukuna, in sun natsu sai a duba."

Haka kuwa aka yi. Baiwar Allah ta zana kwamfuta a allo da alli, ta zana madannai, yara suna haddacewa. Ka tambaye su mece ce kwamfuta, su rero maka kamar waƙa. Natsuwar da Malam yake jira kuwa ba ta taɓa zuwa ba, don shi kaɗai ne alƙalinta.

Duk ƙarshen mako sai ya shiga ɗakin shi kaɗai, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya goge ƙura, ya mayar da riguna. In babban baƙo ya zo, ya kai shi ya leƙa, a yaba masa, ya dawo yana murmushi.

Wata rana a gida Auta ta kawo masa ruwa, ta durƙusa ta ce, "Baba, ko sau ɗaya ka bar mu mu shiga. Wallahi za mu wanke hannu."

Ya ce, "In na bar ki, sai a ce don ke 'yata ce. In na bar kowa, kafin wata ya ƙare sun zama gwangwani. Ki yi haƙuri, Auta, lokaci na zuwa."

Lokaci kuwa ya zo. Jami'ar kamfanin ta dawo da abokan aikinta. Malam Tsaf ya sa babbar rigarsa, ya buɗe ɗakin da hannunsa, ya yaye rigunan ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙwarzane babu. Ya ja gefe yana jiran yabo.

Jami'ar ta ce yara su zauna, kowa ya kunna, ya rubuta ɗan bayani a kan kansa.

Yara suka zauna. Wasu na leƙen bayan kwamfutar, wasu na kallon malamarsu. Auta, da ta saba ceton ajinsu, ta miƙe ta fara karanto ma'anar kwamfuta da sunayen sassanta, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Jami'ar ta ce, "Madalla, ƙanwata. To kunna mana."

Auta ta tsaya tana kallon kwamfutar. Ba ta san inda ake dannawa ba.

Jami'ar ta danna mata. Sai ga saƙon maraba da kwamfuta ke nunawa ranar da aka fara kunna ta. Ta gwada ta biyu, ta gwada ta uku, duk haka.

Ta juyo a hankali ta ce, "Malam, makarantar da muka baro, haruffan madannansu duk sun goge, wasu kwamfutocin ma sun lalace. Wallahi ranmu ya yi fari da muka gani, don lalacewa muna da masu gyara. Wannan fa, ban san yadda zan gyara shi ba."

Malam Tsaf ya matso kusa da ita. Ya ce, "Hajiya, a taimaka a ƙara mana ko wata guda. Laifina ne, ba na yaran ba."

Ta ce, "Na so a ce zai yiwu. An kusa fara horon, kuma akwai yaran da suka shirya suna jira. Sai dai 'yan baɗi."

Ba a ɗauki ko ɗalibi ɗaya ba. A ranar ya cire kwaɗon, ya miƙa wa malamar kimiyya makulli, ya ba ta haƙuri a gaban sauran malamai. 'Yan baya sun mora, amma ajin su Auta sun riga sun gama.

Da aka yi hutu, ya ɗauko Auta a babur ya kawo ta makarantar. Ya buɗe ɗakin ya ce, "Zaɓi wadda kike so, ki zauna har ki gaji."

Ta zauna a gaban ɗaya, ta ɗora hannuwanta a cinya, ta daɗe tana kallonta. Can ta ɗago ta ce, "Baba, in taɓa?"

Ya juya ya fuskanci taga don kada ta ga hawayensa.

Darasi: Amanar da aka ba ka don mutane su amfana, kulle ta ba riƙon amana ba ne. Kaya in sun lalace ana gyarawa, amma shekarar da yaro ya rasa ba ta dawowa. Ku tura wa iyaye da malamai da duk wanda ke riƙe da makullin wani alheri, ko Allah zai sa ya buɗe tun da sauran lokaci.