Ɗorawar Adda Hajjo

Akwai wani mutum a Sundimina ta ƙasar Birnin Kudu mai suna Buba. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, gona ta faɗo masa, itatuwan ɗorawar da ke cikinta kuma aka bar wa yayarsa Hajjo, wadda yake kira Adda. A ƙauye wannan ba baƙon abu ba ne, ƙasa ta wani, itace na wani, kowa ya san iyakarsa.

Da kalwar itatuwan nan Hajjo take yin daddawa, da daddawar kuma take riƙe da marayunta. Kalwa ce mai ƙananan ƙwayoyi da maiƙo, wadda ba a samun irinta a gonakin tudu. Fatake daga Kano har ƙofar gida suke zuwa. Ba sa ma tambayar sunan mai yi, sai dai su ce a ba su ta Sundimina.

Sai zamanin kuɗin fetur ya zo. Buba ya yi 'yan watanni yana lebura a Kano, ya dawo da rediyo da agogo da ɗaga kai. Miyar gidansu ma ta fara yi masa wari, wai shi yanzu ya saba da ɗanɗanon kanti.

Ya ɗauko hayar tarakta. Direban ya zagaya gonar, ya ce saiwar ɗorawa za ta karya masa garma, sai an share wurin tas. Buba bai shawarci kowa ba, ya kira masu gatari.

Hajjo ta zo ta same shi a bakin gona. Ta roƙe shi, ta tuna masa cewa kakansu ma tarar da itatuwan nan ya yi, kuma su ne cin 'ya'yanta.

"Adda, duniya ta waye," in ji shi. "Nan gaba wa zai ci wannan abin? Bari in girbe masara, buhu-buhu zan sauke miki."

Da ta kai ƙara da ta yi nasara, don kowa shaida ne. Amma ta ce ba za a gan ta gaban alƙali da ƙaninta ba. Wannan kunyar ce ta cinye ta, aka sare itatuwan kaf.

Damina biyu taraktar ta yi, sai ta lalace, aka rasa kayan gyaranta. Gonar da ta saba shan ganyen ɗorawa ta koma fako. Buhun masara ko ɗaya bai shiga gidan Hajjo ba.

Ta sayo kalwa a kasuwa ta gwada. Fatake suka sansana, suka ce ba ita ba ce. Wani ya ba ta shawara ta yi shiru kawai, ai suna ne yake sayarwa. Ta ƙi. Ta kife tukwanenta, ta koma yin dakau a gidajen mutane, da tsufanta.

Buba kuwa ya koma Kano, wannan karon dako. Wata rana yana ɗauke da kaya a kasuwa ya ji wani mai tebur yana kiran ciniki, wai ga daddawar Sundimina ta asali. Ya sauke kayan, ya ɗauki ɗaya ya kai hanci. Waken suya ne zalla. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ni ɗan Sundimina ne, wannan ba tamu ba ce."

Mai teburin ko gezau bai yi ba.

"To madalla. Kawo ta gaskiyar mu gani. In ta fi tawa, yau zan zubar da wannan a gabanka."

Masu saye suka juyo suna jiran amsa. Buba ya tuna da masu gatarin da ya kira. Ya ajiye daddawar inda ya ɗauka, ya roƙi wani ya aza masa kayansa.

Darasi: Abin da ƙasarku ta yi suna da shi amana ce, ba naka ba ne kai kaɗai. Ranar da ka raina shi ka tumɓuke tushensa, sunan ba zai mutu ba, wasu ne za su ci da shi kana kallo, ba ka da bakin magana. Kuma haƙƙin ɗan'uwa ba ya faɗuwa don ya yi maka kawaici. Ku tura wa 'yan garinku, a san darajar abin gida tun yana nan.